Shekarun da Na Yi Ina Ƙirga Motoci

Aikina na farko a ofishin tsara zirga-zirga shi ne ƙirga motoci. Kafin ƙarfe shida na safe ina tsaye a wata mahaɗa da manyan tituna biyu suka gamu, da biro da takarda mai gida-gida a hannu. Duk motar da ta gitta in ja ɗan layi, idan sun kai huɗu, ta biyar in soke su da ita. Ƙananan motoci gidansu daban, bas daban, babura daban, manyan motocin kaya daban. Yankin da muke wa aiki yana ta bunƙasa a lokacin. Gonakin gefen birni sun koma unguwanni, garuruwan da a da ake ganin nisansu sun zama wurin kwanan ma'aikatan da ke sammako su shigo, su koma bayan duhu. Titin da aka shimfiɗa don iyaye shi ne yake ɗauke da 'ya'yansu da baƙin da suka zo daga baya.

Bayan mako biyu na kai wa shugaban sashenmu takardun, wani dattijon injiniya da ya kusa ritaya. A ƙasan shafi na ƙarshe na rubuta shawarata: a ƙara layi ɗaya a kowane hannu, a gina gadar sama a mahaɗar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, motoci ka ƙirga. Mutum nawa ne a cikinsu?" Na ce, "Yallaɓai, ba a ce in ƙirga mutane ba." Ya miƙo mini takardun ya ce in koma in ƙara mako guda.

A wannan makon ne idona ya buɗe. Yawancin ƙananan motocin direba ne kaɗai a ciki, ko shi da mutum ɗaya. A bayansu ga bas cike maƙil, wasu a tsaye sun riƙe ƙarfen sama, wata ta jingina goshi da gilashi tana gyangyaɗi, jakarta a cinya. Bas ɗin nan na tsaye a gosulo ɗaya da motar mutum guda, yana jiran danja ɗaya da ita, kuma a takardata ɗan layi ɗaya na ja masa, daidai da ita. Lissafin ba wuya. Layi ɗaya na babbar hanya, idan komai na tafiya daidai, yakan ɗauki ƙananan motoci wajen 2,000 a awa, na cikin gari mai danja kuwa ƙasa da haka sosai. Idan galibinsu mutum ɗaya ne a ciki, mutanen da suka wuce da kyar su kai 3,000. Layin nan dai, idan bas mai ɗaukar mutum 80 na bi ta kansa duk minti ɗaya, mutum 4,800 ke nan, kuma titin kusan wayam yake.

Dattijon bai yi mini dogon bayani a kan gadar sama ba, karatu ya ba ni. A nan na ci karo da Anthony Downs, wani masanin tattalin arziki a Amurka, wanda tun 1962 ya lura cewa babbar hanyar birni takan sake cika a lokacin fita aiki komai faɗin da aka ƙara mata. Dalilin a fili yake da zarar mutum ya yi tunani. Wanda yake fita ƙarfe biyar don gudun cunkoso zai koma fita ƙarfe bakwai. Wanda yake zagayawa ta lungu zai dawo babban titi. Wanda yake hawa bas zai fara tara kuɗin mota, masu gina gidaje kuma su ƙara nausawa can gaba tunda yanzu hanya ta yi kyau. A 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka bi alƙaluman biranen Amurka na shekaru masu yawa, suka gano cewa tafiyar da motoci ke yi takan ƙaru kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Birnin Houston ya ga haka da idonsa. An faɗaɗa babbar hanyar Katy a kan kuɗi wajen dala biliyan 2.8, aka gama a 2008, har ta kai layi 26 a wasu wurare idan an haɗa da titunan gefenta, amma cikin 'yan shekaru tafiyar safe da ta yamma ta sake tsawo.

Daga nan na koma ɗaya gefen da ƙarfina. Duk taron da aka yi, maganata ɗaya ce: a kawo bas da jirgin ƙasa, cunkoso zai watse. Sai da na sake karanta binciken nan na 2011 a tsanake na ga abin da na tsallake. Sun gano cewa ƙarin bas da jirgi ma bai rage yawan tafiyar motoci ba, don gurbin da mai hawa bas ya bari a titi wani ne ke cike shi. Wannan ya daɗe yana damuna, domin ya taɓa tushen aikin da nake ci da shi. Abin da ya daidaita mini tunani shi ne yajin aikin da ma'aikatan sufurin Los Angeles suka yi a 2003, na kwana 35. Wani masanin tattalin arziki, Michael Anderson, ya yi nazarin abin da ya faru, ya ga cewa jinkirin manyan hanyoyi a lokacin cunkoso ya ƙaru da kashi 47 cikin ɗari. Wato bas da jirgi suna ɗauke da mutanen da, in babu su, a kan hanyoyin da suka fi matsewa za su zuba, a sa'ar da ta fi muni. Suna hana abu ya ƙara lalacewa ko da ba su share titi ba. Biranen da suka rage motoci da gaske sun haɗa ne da kuɗin shiga tsakiyar gari: Singafo tun 1975, Landan a 2003, Stockholm a 2006, inda motocin da ke ƙetara iyakar suka ragu da wajen kashi 20 cikin ɗari. Dukkansu sai da suka tanadar wa mutane abin hawa kafin su ce su ajiye mota.

Tun daga lokacin na daina yi wa kowa alkawarin cewa gosulo zai ƙare. Alkawari ne da yake juyowa ya ci mai shi, don ranar da mutane suka ga titi na nan a cike sai su ce an zubar da kuɗi a banza, a yanke wa aikin kasafi. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne a ba mutum hanyar zuwa aiki da komawa gida a cikin lokacin da ya sani, ko titi ya cika ko bai cika ba.

Darasin da ya fi yi mini ciwo a kan aikin da hannuna ke ciki na koye shi. An sayo sababbin bas masu kyau, da kujeru masu taushi da na'urar sanyaya iska. Da aka zo rabo, kowane wakilin yanki ya dage sai an ga bas a unguwarsa, mu kuma muka yarda, muka shimfiɗa su a kan hanyoyi da yawa. A taswira abin gwanin sha'awa, ko'ina an ja layi. A bakin titi kuwa, kowace hanya sai bayan minti 40 bas yake zuwa. Watanni suka wuce motoci na yawo da kujeru babu kowa, aka tura ni in tambayi mutane dalili. Wata safiya na tarar da wata mata a tasha, da alama ma'aikaciyar asibiti ce, tana duba agogon wayarta tana leƙen titi. Na gaishe ta na faɗa mata daga inda nake. Ta ce, "Malam, kyan motar bai dame ni ba. Na fito ban sani ba ko yanzu ta wuce ko yanzu za ta zo. Idan na makara, wa zan ce ya jawo?" Muna cikin magana ta tsayar da babur ta hau. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga bas ɗinmu, da fasinja ƙalilan a ciki.

Wanda bai san lokacin zuwan mota ba, a matsakaici yakan jira rabin tazarar da ke tsakanin mota da mota. Minti 40 na nufin jiran minti 20, wata rana kusan 40 cif, kuma mai albashi ba ya iya ɗora aikinsa a kan "wata rana". Idan tazarar ta sauko minti 10 ko ƙasa, mutum ba ya ma tambayar jadawali, fitowa kawai yake yi. Akwai kuma wani lissafi da ya kamata in sani tun farko. Idan zuwa da dawowa na cin minti 100 kana da bas 10, duk minti 10 ɗaya zai iso. Idan cunkoso ya mai da tafiyar minti 200, da bas goman nan, da direbobin nan, tazarar ta koma minti 20. Keɓe wa bas layinsa daidai yake da ninka yawan motocin ba tare da an sayi ko ɗaya ba. Wannan ne Kuritiba ta Barazil ta fara a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, daga baya ta ƙara tashoshin da ake biyan kuɗi kafin a shiga, don kada mota ta tsaya jiran canji. Bogota ta Kolombiya ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi a 2000 da tsarin bas ɗinta mai suna TransMilenio. Houston ɗin nan mai faffaɗar hanya ma, a 2015 ta sake zana hanyoyin bas ɗinta gaba ɗaya, ta tattara motocin a kan layukan da za su riƙa zuwa akai-akai. Mu ma abin da muka yi ke nan a ƙarshe, muka rage hanyoyi muka yawaita zuwa. An sha rigima, kuma wasu unguwannin sun yi asarar motar da ke bi ta ƙofarsu. Ba na raina kukansu, don tsoho ko mai lalura tafiyar minti goma zuwa tasha ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Har yau ina ganin da mun bar wa irin waɗannan wurare ƙananan motoci masu kai mutane babban layi tun ranar farko.

Sai batun iyaka. Ma'aikaci yana kwana a ƙarƙashin wata hukuma, yana aiki a ƙarƙashin wata, yana ratsa ta uku a hanya. Na ga inda bas ke sauke mutane a iyakar yankinsa ya juya, su taka su ƙetara, su sake jira, su sake biya. Hamburg ta Jamus ta magance wannan tun 1965, da kamfanonin sufurinta suka haɗu a kan tikiti ɗaya da jadawali ɗaya. Seoul ta Koriya ta Kudu ta yi nata gyaran a 2004, da kati ɗaya da ake sauya mota da shi daga bas zuwa jirgi. Na'urar katin ita ce mai sauƙi. Wahalar tana teburin da za a zauna a yanke wa zai samu nawa daga kuɗin fasinjan da ya hau mota biyu da tikiti ɗaya, kuma tarurrukan da na halarta a kan wannan sun fi na kowane abu cin rai.

Direbobin da suke ɗaukar mutane kafin mu zo, da farko kallon matsala nake yi musu. Wani daga cikinsu, mai furfura a gemu, ya dubi taswirarmu a wani zama ya ɗora yatsa ya ce, "Injiniya, nan da kuka sa tasha ba mai sauka. Can gaba kaɗan ake sauka, inda hanyar ƙafa ta fito." Na je na tsaya na gani, gaskiyarsa ce. Legas ta sa ƙungiyar direbobi cikin tafiyar da keɓaɓɓen layin bas ɗinta na farko daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, Johannesburg kuma ta mai da masu ƙananan bas na haya masu hannun jari a kamfanin da ke tuƙa Rea Vaya, tsarin bas ɗin birnin. Wanda aka kora daga hanyar abincinsa ba zai zuba ido ba, ga shi kuma ya san fasinja fiye da mu.

Kuɗin gyara ma wani darasi ne. Na shiga gareji na ga bas da bai shekara uku ba an ɗora shi a kan duwatsu, ana ciro kayansa ana gyara 'yan'uwansa, domin an yi kasafin saye ba a yi na taya da kayan gyara da albashin makanikai ba.

Yanzu yawancin lokacina a gefen gari nake yin sa, inda gine-gine ba su kai ba tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Filin da za a keɓe wa layin bas ko na dogo yau da sa hannu kawai, nan da shekara goma sai an rushe gidajen mutane an biya diyya kafin a same shi. Kuritiba ta yi nasara ne har da cewa ta ba da izinin dogayen gine-gine a bakin layukan bas, mutane suka zauna inda motar take. Akwai wani tsiri na fili da muke nema a bari a gabashin yankinmu. Makon jiya na bi shi da ƙafa daga farko har ƙarshe, na tarar an kafa turakun awo a wurare biyu, a wuri ɗaya har an sauke yashi da bulo. Zaman da za a yanke hukunci a kansa sai wata mai zuwa, kuma hukumomi uku ne sai sun yarda.