Haikalin da ya rage a bayan kwabo

Daga tashar Basmane da ke Izmir a Turkiyya na hau jirgin ƙasa da sassafe, kafin hantsi ya dubi ludayi mun isa Selçuk, garin da ke gefen kufan tsohon birnin Afisa. Abin da ya kawo ni bai kai girman murfin kwalba ba: wani kwabon tagulla da na saya a gwanjo shekaru biyu da suka wuce. A gida na baro shi, hotonsa kawai na riƙo a waya, domin dokar Turkiyya ta 1983 ta hana fita da kayan tarihi, kuma ba na son doguwar magana a filin jirgi.

Gaban kwabon kan sarkin Rum ne, Gallienus, wanda ya yi mulki daga 253 zuwa 268. Bayansa barewa ce a tsaye, an kewaye ta da sunan mutanen Afisa da harafin Girkanci. Zinariya da yawancin azurfa a hannun sarki suke, amma an bar wa ɗaruruwan birane su buga tagullarsu, ta cefane da kuɗin wanka. Kowane gari sai ya ɗora abin alfaharinsa a kai. Shi ya sa nake son su fiye da dinari: hannun talaka ne ya cinye su har suka yi sulɓi.

Da ƙafa na taka zuwa haikalin Artemis, gunkiyar da mutanen Afisa suka bauta wa. An ce ginshiƙai 127 gare shi. Ɗaya tak na tarar, shi ma harhaɗa shi aka yi da ɓaraguzai, shamuwa ta yi sheƙa a ƙoƙuwarsa, ƙasa kuwa duk fadama. Jikina ya yi sanyi. A zamanin Gallienus ɗin nan ne Gotawa, wasu mahara daga arewa, suka washe wurin, kuma a zamaninsa Afisa ta daina buga kuɗinta. Mai son ganin fuskar ginin yau, sai ya duba bayan irin waɗannan kwabbai, inda maƙera suka zana ginshiƙan da gunkin a tsakiya.

A bakin ƙofar kufan wani dattijo ya buɗe mini tafin hannu, ga kwabbai uku sun yi kore shar. Na juya ɗaya, na ga layin zubi a gefensa, alamar zuba shi aka yi a mazubi, ba bugawa ba. Jabu ne. Na gode masa na wuce.

Da la'asar na ƙarasa kogon da mutanen yankin ke dangantawa da Ashabul Kahfi, ko da yake ƙasar Jordan da garin Tarsus na Turkiyya ma suna da nasu. Kuɗinsu azurfa ne, amma a ruwayoyi tsohon kuɗin zamanin Dakiyanusu ne ya tona asirinsu a kasuwa. Dakiyanusu shi ne Decius, ya mutu a 251, shekara biyu kafin sarkin da ke kan kwabona ya hau. Na zauna kan dutse na sake buɗe hoton.