Daga Gombe zuwa Kaulaha: naira ta narke a banki, masara ta dawo da ni gida

Ni tela ne a Gombe, kuma tun ina yaron shago nake da burin in je Kaulaha da ke Senegal ta ƙasa, in yi Maulidi a Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyass, in kuma ga zangunan Hausawa da muke jin labarinsu a bakin direbobi da 'yan goro. Jirgi ba na irinmu ba ne, kuma ko da ina da kuɗinsa ba zai nuna mini Kumasi ba. Na yi tafiyar, na kusa cika shekara a waje, na dawo ba wanda ke bina ko sisi. Ina alfahari da wannan. Amma har yau idan na tuna abin da naira ta yi mini a hanya, raina ɓaci yake yi.

Tara kuɗin ba wani abin labari ba ne. Adashe biyu, ɗinkin salla na shekaru, sannan na sayar da babur. Keken ɗinkina ɗaya na bai wa wani yaro haya, duk mako yana kai wa mahaifiyata Dada kuɗin cefane, don kada hidimar gida ta riƙa cin guzurina. Wannan kowa zai iya tsarawa. Inda maganar take shi ne a wane irin abu za ka ajiye kuɗin da ba za ka taɓa ba sai bayan wata shida ko takwas.

A kakar 2022 yayana Hamma ya matsa mini. Ya ce, "Kai dai kawo wani abu mu je Tudun Hatsi. Kuɗi a banki kwanciya kawai suke yi." Na ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku, ba don na gamsu ba, don dai ba a yi wa babba musu. Ya sayi masara da ɗan wake, waken ya zuba a buhunan nan masu leda biyu a ciki da ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsu, ya jera a ɗakin zaurensa. Sauran kuɗin, wato mafi yawa, suna asusuna. Lissafina kuwa daidai yake a ranar da na yi shi. Lokacin da na tashi, bayan ƙaramar sallar 2023, sefa dubu ɗaya naira dubu da 'yan kai ce a hannun 'yan canji. Na raba abin da nake da shi wata-wata, har da rarar rashin lafiya.

Na bi Kano, Katsina, Jibiya, Maraɗi, na sauka Yamai. A can na yi ɗinkin babbar salla a shagon wani dattijo ɗan Damagaram, ina kwana a shagon. Ina can, tsakiyar watan Yuni, aka ce an saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dala a banki ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Ban damu ba, domin ni da farashin kasuwa nake lissafi, shi kuma a lokacin bai motsa sosai ba. Ashe somin taɓi ne. Kafin in isa Kaulaha a ƙarshen Satumba dala ta kai naira 1,000 a kasuwa. A watan Fabrairun 2024 ta wuce 1,500.

Abin da ya kamata mai niyyar irin wannan tafiya ya gane shi ne ita sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Nijar, Benin, Togo, Kwaddibuwa, Mali, Senegal, duk kuɗi ɗaya suke kashewa. Saboda haka farantin shinkafa a Bamako bai ƙara tsada ba, kuɗin mota daga Kayes zuwa iyaka bai canza ba, mutanen garin ba su san ana wani abu ba. Ni kaɗai nake tsiyacewa a tsakiyarsu. Sefa dubun da na lissafa a naira dubu da 'yan kai ta haura naira dubu biyu. In buɗe waya in ga kuɗina cif, ba wanda ya taɓa ko kwabo, amma rabinsu ya tafi, kamar tulun da ke yoyo ta ƙasa bakinsa kuwa a rufe. Da ɓarawo ne ya yanke mini aljihu a tasha da na san wanda zan yi wa Allah ya isa.

Ga kuma katin banki. A wancan lokacin katin naira ba ya aiki a waje, bankuna sun rufe wannan ƙofar. Duk abin da zan karɓa sai ta hannun mutane: in tura naira asusun wani ɗan canji a Kano, abokin huldarsa ya ƙirgo mini sefa a inda nake, ko ya sako mini a waya ta Wave ko Orange Money. Tsarin yana aiki, kuma ban taɓa rasa kuɗi ta nan ba, amana ce zalla. Sai dai farashin na sa'ar da ka tura ne. Akwai ranar da aka gaya mini farashi da safe, na ce bari in jira la'asar ko zai sauko, kafin la'asar ya ƙara hawa. Wanda bai zauna a baƙon gari yana duba farashin canji kafin ya yanke shawarar cin abincin rana ba, ba zai san zafin abin ba.

Abu biyu suka riƙe ni. Na farko almakashi da tef. Duk garin da ke da Musulmi a Afirka ta Yamma yana neman tela makonni kaɗan kafin salla, kuma mai shago ba ya tambayar takardar makaranta, yadi zai miƙo maka ya ga yankanka. Kaftani irin namu da aikin wuya suna da daraja a zangunan Ghana, a Nima da Mamobi a Akra, da Aboabo a Kumasi. Kuɗin da ka samu a nan kuɗin ƙasar ne, ba ruwansu da naira. Amma kada wani ya ɗauka zai je ya kafa tebur ya fara saye da sayarwa. A lokacin da na je Ghana, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwanci da talla ga 'yan ƙasa, baƙon da ke son harkar saye da sayarwa kuwa sai ya nuna jarin dala miliyan ɗaya, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kan haka. Ka zauna a ƙarƙashin mai shago, ka yi aikinka, a sallame ka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ka ba tare da biza ba, don haka ka riƙa duba tambarin da aka buga maka, ka motsa kafin ya cika.

Matsalar sana'ar ita ce tana da lokaci. Daga bayan Maulidi har zuwa gab da azumi ɗinki kwanciya yake yi, kuma daidai nan ne naira ta fi zubewa. Watan Fabrairun 2024 ina Bamako a hanyar dawowa. Gari ne na shadda, masu rini da masu bugu ko'ina, amma teloli sun yi yawa, ga bakina ba Bambara ba Faransanci. Abin da ya rage a asusun, da na yi lissafin zai kai ni gida har da tsaraba, ko Abijan ba zai kai ni da daɗi ba. Na kira Hamma da daddare. Ban ma gama bayani ba ya ce, "To, gobe zan fitar da buhu biyar."

Shi ne abu na biyu. Masarar da aka saya a kakar 2022 farashinta ya fi ninki a lokacin. Abin da ya cinye kuɗina na banki shi ne ya ɗaga hatsin, sai suka yi kusan biyan juna. Kashi ɗayan nan da na bayar ina ƙunƙuni ya yi aikin da kashi biyun suka kasa. Hamma yana sayarwa kaɗan-kaɗan, yana turawa ɗan canji a ranar, ni kuma ina karɓar sefa kafin dare, ba a barin naira ta kwana. Har cefanen Dada daga ciki aka riƙa cikawa, domin tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin hayar keken ya daina isa.

Na san wani zai ce ai wannan ɓoye abinci ne, kuma a shekarar mutane sun sha wuya ƙwarai, ba na wasa da wannan magana. Ni ma ta dame ni har na tambayi malaminmu. Buhunan da suka cika ɗakin zaure ɗaya, da aka saya lokacin da hatsi ya yi yawa a kasuwa, ake kuma fitarwa duk wata, daban suke da rumbunan da ake kullewa ana jiran mutane su galabaita. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sayi tumaki ya ba da kiwo, ko riɗi, ko ya canza kuɗin zuwa sefa tun yana gida ya ɗinke su a lalita. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya bar guzurin wata takwas a naira ya tsallaka iyaka, ko da kuwa an ce masa yanzu ta daidaita. Ni ma a daidaice na bar ta.

Masauki bai ci mini kuɗi sosai ba. Na tafi da wasiƙa daga zawiyarmu, kuma kusan kowane babban gari akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango da za a kai ka wajensa. Ka je da 'yar tsaraba, hula ko turare, ka ci abin da aka ci, ka yi shara, ka gyara wa yaran gida kayan makaranta ba tare da an roƙe ka ba. Kada ka wuce kwana uku kana zaune hannu rabbana. A Madina Baye kuwa lokacin Maulidi ba a maganar kuɗin abinci, gidaje a buɗe suke, ana fito da manyan faranta na shinkafa da kifi, ka zauna da wanda ba ka taɓa gani ba ku sa hannu tare. Abin da na gani a daren nan ya fi ƙarfin wannan rubutu, kuma ba shi na zauna faɗa ba.

Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne iyakoki da shingaye. Fasfo ɗinka lafiya, katin rigakafin shawara yana hannunka, duk da haka za a ce ka kawo na tambari. Wani wuri in ka yi haƙuri ka tsaya a kan takardunka za a sake ka, wani wuri direba ba zai jira ka ba. Ka ware wa wannan kasonsa, ka riƙe ƙananan takardun kuɗi a aljihu daban, kada ka zaro damin gaba ɗaya a gaban kowa. Shi ma da sefa ake biya, wato shi ma ya ninka a kaina.

Hanya ma tana iya rufewa a bayanka. Na bar Yamai ta Gaya da Malanbil a farkon Yuli, ranar 26 ga watan sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Hanyar da na tsara dawowa ke nan, mai araha, wadda na san mutane a kanta. Dole na sake gangarowa gaɓar teku. Na yi ɗinkin azumi a Kumasi, wanda ya ba ni kuɗin mota, bayan salla na bi Lome da Kwatano na shigo ta Seme, daga Legas na hau motar Gombe. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, saboda haka mai tafiya ya tambayi direbobin da suka dawo a makon nan abin da ake nema a kowace iyaka.

Da na dawo na tarar da sauran buhu biyu na wake a zauren, da su na fanshi kai na sayi zare da yadi na sake buɗe shago. Wanda ya sayi babur ɗina ya ce zai mayar mini in ina so, da ya faɗi kuɗin sai na yi masa godiya kawai.

Yanzu Chadi nake hari, ta Yola da Garwa. Hamma ya riga ya sayi riɗi da kuɗin adashen farko. Na biyun idan ya fito ba zai kwana a asusu ba, sefa zan mayar da shi, kuma ta can, domin sefar Kamaru da Chadi takardarta daban take da ta Yamai da Bamako. Darajarsu ɗaya a kan yuro, amma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta yamma ba, ɗan canji kuma sai ya yanki nasa kafin ya musanya maka.