Motar da ta riƙa shan ruwa tana kuma ƙin shiga giya

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, motata ta fara shan ruwa. 'Yar Kwatano ce ƙirar 2004 mai giyar otomatik, a hannun wani na saye ta. Duk bayan kwana uku sai na ƙara wa lagireto ruwa, na rijiyar burtsatse ko fiya wata, duk wanda hannuna ya kai. Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da na nufi Tambuwal ɗaurin aure. Ina wuce Boɗinga allurar zafi ta haye, na taka totur injin na kuka amma motar ba ta gaba, can sai giya ta shiga da fizga kamar an bangaje ni ta baya.

Ni a tunanina ciwo biyu ne, don haka na raba su gida biyu. Bakaniken farko ya cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce in zafin bai sauka ba to gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Mai gyaran giya kuwa ko ƙarƙashin motar bai leƙa ba ya ce sai an sauya giyabos gaba ɗaya. Kuɗin da ya faɗa ya sa na ajiye ta mako biyu ina hawan kabu-kabu.

Maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike, ya ce in kai masa da sassafe kafin injin ya ɗau zafi. Ya buɗe murfin lagireto (kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan zai watso maka a fuska), ya tayar da inji yana kallon bakin. Babu kumfa mai tasowa, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, baƙin mai kuma bai yi fari-fari ba. Nan ya ajiye zancen gasket. Amma akwai wani maiƙo ja-ja yana yawo a saman ruwan. Da injin ya ɗumama, motar na kan P a wuri mai daidai, ya zaro sandar awon man giya ya goga a farar takarda. Maimakon ja garau, sai ga abu ruwan hoda mai kauri kamar yogot.

"Malam, wane ruwa kaka zuba ma motag ga?"

"Baba, ruwa dai. Ruwan sha."

Ya girgiza kai. Ashe a irin waɗannan motoci man giya na bi ta wani ɗan bututu da ke cikin tankin lagireto don ya huce. Ruwan banza ba shi da maganin tsatsa irin na kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji, yana kuma barin gishiri-gishiri da ke toshe hanyoyin lagireto. Tsatsa ta ci bututun ya huje. In injin na aiki mai ya tsallaka cikin ruwa, in aka kashe kuma ruwan da ke cikin matsi ya koma wajen giya. Faifan kulocin da ke cikin giya kuwa ba sa shiri da ruwa, yana ɓanɓare fatar da ke jikinsu.

Mun sa sabon lagireto da murfinsa, aka sauya tiyon da mai ya lausasa, aka mayar da tamostat, aka zuba kulan na gaske. Man giya sau uku muka zubar muna sabuntawa, tsakani ina ɗan zagayawa da ita, domin kwance noti ɗaya ba ya fitar da duka, mai yawa na maƙalewa a ciki. Wannan ne ya fi cin kuɗi, amma bai kai rabin na giyabos ba.

Baba bai yi mini alƙawarin komai ba, ya ce ya danganta da tsawon lokacin da ruwan ya yi a ciki. Har yau in na sa ribas da sanyin safiya tana ɗan jinkiri kafin ta kama. Duk Juma'a kafin in tafi masallaci nakan zaro sandar in goga a farar takarda, ya zuwa yanzu dai ja take fitowa.