Batirin Zuciya da Gajiyar da Ta Ƙi Tafiya

Shekara biyu da suka wuce, ɗan tudun da ke tsakanin gidana da masallacin unguwarmu a Jos ya fara gagara ta hawa sai na tsaya sau biyu a hanya, ina dafa katanga kamar mai gyara takalmi don kada maƙwabta su lura. Wanda ya san Jos ya san ba a rabuwa da hawa da gangara, shi ya sa da farko na ɗora laifin a kan shekaru da sanyin hunturu. Amma gajiyar ba irin ta wanda ya wuni yana aiki ba ce, domin da asuba ma nakan tashi jikina a mace kamar ban runtsa ba. Sau uku ana ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a wani kemis, ina haɗawa da ƙwayoyin ciwon jiki kusan kullum, babu abin da ya canza.

Abin da ya kai ni wurin likitan zuciya shi ne ranar da nake rubutu a allo gaban ɗalibai, sai ganina ya yi duhu na 'yan daƙiƙoƙi, alli ya suɓuce daga hannuna. An yi mini gwajin ECG, wato awon bugun zuciya, ya fito lafiya lau. Likitan bai gamsu ba, ya ce gwajin daƙiƙa goma kacal yake ɗauka, kuma akwai matsalar da takan zo ta wuce kafin mutum ya iso asibiti. Bayanin da ya yi mini shi ne zuciya tana da tata wutar lantarki: saƙon bugu yana tashi daga ɗakin sama na dama, ya bi ta wata mahaɗa a tsakiya, sannan ya sauka ɗakunan ƙasa masu tura jini zuwa jiki. Idan hanyar ta samu tangarɗa, saƙon yakan makara, ko wani ya ɓace a hanya, ko ya yanke gaba ɗaya har bugun ya sauka ƙasa da 40 a minti maimakon 60 zuwa 100. Tawa irin ta wayar da ta saki a jikin falwaya ce, wadda ke kawo wuta yini guda sannan ta ɗauke ba sallama.

Da yake ina shan atenolol saboda hawan jini, kuma maganin kan rage saurin bugun zuciya, sai da aka fara sauya mini shi aka jira a gani. Bayan haka aka liƙa mini na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya a ƙirji, na kwana da ita awa 24 ba ta kama komai ba. A karo na biyu aka bar ta awa 48, aka ba ni takarda in riƙa rubuta lokacin da duk na ji jiri. Da ƙarfe 11:20 na safiyar rana ta biyu na rubuta cewa kaina ya juya, a daidai wannan mintin kuma na'urar ta nuna zuciyata ta yi shiru na kusan daƙiƙa huɗu. Wannan dacewar ce ta yanke hukunci. Akwai nau'in tangarɗar da ake kira Wenckebach, wanda ake gani a cikin barci har ga matasa masu motsa jiki, kuma galibi ba a sa masa batirin zuciya, wato na'urar da ake dasawa a jiki don ta daidaita bugu. Nawa shi ne Mobitz na biyu, wanda kan iya rikiɗewa ya zama cikakkiyar yankewa ba tare da gargaɗi ba.

Na tambaye shi kai tsaye, “Likita, idan aka sa mini batirin nan, gajiyar za ta tafi?” Ya ce, “Malam, batir zai hana zuciyarka tsayawa, wannan zan iya yi maka alkawari da yardar Allah. Gajiya kuwa iyayenta suna da yawa.” A lokacin amsar ba ta yi mini daɗi ba, saboda kuɗin aikin sai da yayana da 'ya'yana suka haɗa hannu kafin su cika, kuma ina so in ce musu an samu maganin komai. Yanzu ina ganin ita ce magana mafi gaskiya da aka gaya mini a duk jinyar.

Abin da ya rage mini tsoro shi ne labarin Arne Larsson, mutumin farko da aka dasa wa irin wannan na'ura a jiki, a ƙasar Siwidin a 1958. Ta farkon 'yan awoyi kawai ta yi ta lalace, aka yi ta sauya masa wasu fiye da ashirin, ya rayu har 2001, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera ta duk sun riga shi rasuwa. Nawa aikin a Abuja aka yi, ina farke, an kashe mini wurin da allura kawai, aka tura wayoyi biyu ta jijiyar jini zuwa zuciya, aka ɓoye na'urar a ƙarƙashin fata ƙasa da ƙashin wuyana na hagu. Makonni na yi ba na ɗaga hannun sama da kafaɗa, uwargida ce ke taimaka mini sa riga.

Jiri da duhun gani sun tafi tun makon farko, ba su sake dawowa ba. Gajiyar kuwa rabi ta ragu, wata uku ina jiran sauran rabin ya bi sahu bai bi ba. Da aka duba na'urar aka ga lafiya take aiki, sai likitan ya tura ni awon jini da na sukari da na maƙoƙo. A nan aka gano jinina ya yi ƙasa sosai, saboda ƙwayoyin ciwon jikin da na shekara ina sha sun ci mini ciki, jini yana zuba kaɗan-kaɗan ban sani ba. Ashe cuta biyu nake ɗauke da su, kowace tana fakewa a bayan 'yar'uwarta, kuma ta biyun da hannuna na sayo ta.

An yi mini maganin gyambon ciki, an ɗora ni a kan maganin ƙarin jini na wasu watanni. Yanzu wayar salulata a aljihun dama take zama, nesa da na'urar, katin na'urar kuma ba ya barin walat ɗina saboda wuraren bincike, sannan ina komawa a auna ƙarfin batirin, wanda aka ce kan kai wajen shekara goma. Tudun masallaci ina hawansa ba tare da dafa katanga ba, sai dai ranar da sanyi ya yi tsanani nakan tsaya sau ɗaya a wajen mai shayi.