Anti Nas, a Sa Mini Filasta

Shekarata ta takwas ke nan ina aikin jinya a wata makarantar firamare a cikin birnin Kano. Ɗakin shan maganinmu bai fi shago ba: gado ɗaya, kabad ɗaya, bokiti mai famfo, sai wani dogon benci a bakin ƙofa. Da an kaɗa ƙararrawar tara bencin nan zai cika, kuma kusan duk wanda ya zauna a kansa maganarsa ɗaya ce: "Anti Nas, a sa mini filasta."

Daga sashen gaggawa na asibiti na zo makarantar. Idon da ya saba da waɗanda suka yi haɗarin mota ba ya ɗaukar ƙujewar gwiwa a bakin komai. Ga shi kwalin filasta sai farkon zango ake saya mana. Saboda haka a shekarata ta farko nakan leƙa ciwo daga inda nake zaune in ce, "Je ka wanke, ba komai, zai warke."

Haka na ce wa wani yaro ɗan aji huɗu da ya faɗi a wajen ƙwallo. Ya tafi. Ashe bai wanke ba, abokansa suka barbaɗa masa ƙasa wai don jini ya tsaya, da ya koma gida kuma wani ya shafa masa baƙin mai. Bayan kwana huɗu aka kawo shi yana ɗingishi, gwiwa ta kumbura ta yi zafi rau, mugunya na fita, ga kaluluwa a matsematsi, ga zazzaɓi. Sai da muka kai shi asibiti. A can mahaifiyarsa ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Ai ya ce mini ya zo wurinki ranar." Har yau maganar nan tana ci mini rai. Minti biyar da ruwa da sabulu sun isa su hana duk wannan wahalar, ni kuwa na hana shi su.

Tun daga ranar duk yaron da ya zo sai na tashi na duba da idona. In wanke hannuna, in sa safar hannu, in zuba ruwa mai tsabta a kan ciwon har tsakuwa da ƙura su fita, in wanke gefensa da sabulu. Idan jini na zuba sai in danne da bandeji mai tsabta na minti 10 ba tare da ina ɗagawa ina leƙe ba. Na daina kwarara sifirit a cikin ciwo. Yana cin sabon naman da ke ƙoƙarin haɗewa, kuma yaron da ya sha wannan raɗaɗin sau ɗaya, gobe ɓoye ciwonsa zai yi.

Ba kowa nake liƙa wa filasta ba. Wurin da fata ta buɗe kuma yake gogar tufafi ko ƙura, kamar gwiwa da yatsu da ƙafa, shi nake rufewa, in ce a sauya kullum, ko da zarar ya jiƙe. Faso na lokacin hunturu kuwa basilin yake so.

Ciwon da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne wanda ba ya da girma a ido. Yaro ya taka ƙusa ta huda silifas, a tafin ƙafa ɗan ɗigo ne kawai, shi kuma filasta yake nema ya koma wasa. To ramin yana da zurfi, kuma ƙwayar cutar sarƙewar haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, irin wannan rufaffen rami take so. Nan take nake kiran gida in tambayi katin rigakafi. Allurar Penta da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariyar wannan cuta, amma na sha tarar da yaran da ba a kammala musu ba. Irin wannan a ranar nake tura shi asibiti. Haka yara masu sikila: ƙujewa kaɗan a idon sawunsu na iya zama gyambon da zai ɗauki watanni, don haka sunayensu na manne a cikin murfin kabad ɗina.

Malamai sun yi ƙorafi cewa yara na fakewa da ni suna guje wa darasi, kuma akwai gaskiya a ciki. Na fara rubuta sunan duk wanda ya zo da lokacin zuwansa. Littafin nan ne ya nuna mini wata yarinya 'yar aji biyu da ta zo sau tara a wata guda. Kullum sai ta miƙo ɗan yatsa, in juya shi in duba, babu ko ƙwarzane. Rannan na zaunar da ita a gefen gadon na ce, "'Yata, faɗa mini, ina ne yake miki ciwo?" Ta yi shiru tana murza bakin hijabinta. Can ta ce, "Ummana ta tafi gidansu, ba ta dawo ba."

Ban sa mata filasta ba. Na lakato basilin na shafa a yatsan a hankali, na riƙe hannun har ta gama kukanta. Na sanar da malamar ajinsu, muka shirya cewa kullum da tara za ta zo ta taya ni naɗe bandeji. Ta yi kusan zango guda tana zuwa, sannan ta fara tsallake kwanaki, har wasa ya ɗauke ta.

Yanzu tana aji biyar. A zangon da ya wuce ta shigo riƙe da hannun ƙaninta, ya ƙuje gwiwar hannu a jikin katanga. Kafin in miƙe har ta kai shi gaban bokitin ta buɗe famfo, tana ce masa, "Tsaya mana, sai an wanke tukuna."