Lambar furosesa za ka karanta, ba sitikar da ke kan laftof ba

A shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello Way da na cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, ciniki yakan fara ne da tambaya guda: "Core nawa ce?" Mai shago ya ce, "Core i5 ce, Alhaji." Shi ke nan sai a zarce maganar kuɗi. A nan mutane da yawa ke yin asarar da ba sa ganewa sai bayan wata shida, domin Core i5 sunan dangin furosesa ne kawai, wato ƙwaƙwalwar na'ura, kuma Intel na amfani da shi tun 2009. Core i5-7200U na 2016 ƙwaya biyu gare shi, wato sassan da ke raba aiki a cikin furosesa. Core i5-8250U na 2017 ƙwaya huɗu. Core i5-1235U na 2022 ƙwaya goma. Duka ukun Core i5 ke rubuce a sitikar da ake manna musu kusa da madannai.

Sababbin laftof masu araha da ke shigowa yanzu sun ƙara dagula lissafin, saboda Intel da AMD, manyan masu ƙera furosesa, sun sauya yadda suke raɗa suna.

Mu fara da na ƙasa. Intel ta jingine sunayen Celeron da Pentium a laftof tun 2023, ta maye gurbinsu da jerin N. Wanda ya fi yawa shi ne N100, sai N150 da ya biyo baya a farkon 2025, wanda bambancinsa da N100 bai taka kara ya karya ba. Ƙwaya huɗu ne, dukkansu ƙanana masu tsimin wuta, kuma wat 6 aka tsara masa. Yana iya Word da Excel da YouTube da atisayen jarrabawar JAMB ba tare da matsala ba. Inda yake gajiya shi ne idan aka buɗe shafuka da yawa a Chrome ana kuma taron Zoom, ko Windows ta fara sabunta kanta a bayan fage. Layi ɗaya yake da shi zuwa RAM, wato inda na'ura ke riƙe aikin da ake kan yi, don haka ko an ƙara masa RAM, hanyar ba ta faɗaɗa. Ga ɗan sakandare ko mai shagon da lissafin kaya kaɗai yake yi, N100 mai RAM 8GB da ma'ajiyar fayiloli ta SSD ya wadatar. Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne Celeron N4020 da N4500 masu ƙwaya biyu, waɗanda har yanzu ake sayarwa a kwali a matsayin sababbi, galibi da RAM 4GB da ma'ajiyar eMMC 64GB. Windows 11 kaɗai za ta cinye kaso mai yawa na wannan ma'ajiya, kuma eMMC a like take a cikin na'ura, ba a canza ta. Arha ce ta ranar saye kawai.

Hattara da Core i3-N305. Akwai i3 a sunansa, amma ɗan gidan N100 ne da aka ninka wa ƙwayoyi zuwa takwas, babu babbar ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wanda ya cancanci sunan shi ne Core i3-1215U ko i3-1315U: manyan ƙwayoyi biyu, ƙanana huɗu. Manyan nan biyu su ne ke sa manhaja ta buɗe nan take, kuma a aikin da ke buƙatar dukkan ƙwayoyi i3-1215U ya kusa ninka N100. A ganina wannan shi ne matakin farko da ya dace da ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko na Kaduna Polytechnic da zai riƙe na'ura ɗaya har ya gama karatu. Intel ta cire harafin "i" daga sababbin sunayenta, don haka za ka ga Core 3 100U da Core 5 120U. Kada ka ɗauka sabon ƙira ne. Core 5 120U tsarinsa ɗaya da i5-1235U da i5-1335U, manya biyu ƙanana takwas, an ɗan ƙara masa gudu ne. Idan ka tarar da i5-1235U a farashi mai sauƙi kusa da shi, ɗauki mai sauƙin. Core Ultra kuwa wani gida ne daban, kuma kuɗinsa ya fita daga sahun masu araha.

Wajen AMD ne aka fi yin tuntuɓe, kuma nan ya kamata a tsaya sosai. A jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke faɗin ainihin ƙirar ƙwayoyin. Ɗauki Ryzen 5 7520U da Ryzen 5 7530U. A ido tazararsu goma ce kacal. Amma 7520U ƙirar Zen 2 ce, wadda ta fara fitowa a 2019, ƙwaya huɗu, da sashen hoto mai rauni, sannan RAM ɗinsa a like take, ba a cirewa ba a ƙarawa. Wanda ya saye shi da 8GB, da 8GB zai rabu da shi, kuma sashen hoto na yankar wani kaso daga ciki. Shi kuwa 7530U ƙirar Zen 3 ce, ƙwaya shida, yana aiki da DDR4, kuma yawancin laftof ɗin da ke ɗauke da shi na da ramin ƙara RAM aƙalla guda. Ryzen 3 7320U ɗan'uwan 7520U ne, duk abin da na faɗa ya shafe shi. A ƙarshen 2025 AMD ta sake musu suna, 7520U ya koma Ryzen 5 40, 7320U ya koma Ryzen 3 30, kayan ciki na nan yadda suke. Idan mai shago ya ajiye maka 7520U da 7530U a farashi kusan ɗaya, 7530U za ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ko tsohon Ryzen 5 5500U mai ƙwaya shida ya fi 7520U ƙarfi a aiki mai nauyi.

Sai Snapdragon X na Qualcomm, wanda aka sanar a Janairun 2025 don laftof na kusan dala 600. Batirinsa na daɗewa ƙwarai, kuma ga mai zama a unguwar da wuta ke yin wuyar gani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Chrome da Office da Zoom duk suna da nau'in da aka yi masa. Matsalar ita ce ƙirar Arm ce, irin ta wayoyi. Tsofaffin manhajoji Windows ke fassara masa su, yawanci su yi aiki, amma direbobin na'urori, wato manhajojin da ke haɗa firinta da makamantanta da kwamfuta, ba sa fassaruwa. Mai shagon buga takardu da ke da tsohuwar firinta ko sikana, da mai rajistar da ke amfani da na'urar ɗaukar zanen yatsa, su tabbatar akwai direban Arm kafin su biya. Haka ɗalibin injiniya ko na zanen gine-gine ya fara bincika manhajar da sashensu ke koyarwa da ita. Za ka kuma ji ana tallar sashen ƙirƙirarriyar basira da alamar Copilot+. Mai ƙaramin kasafi bai kamata ya ƙara ko sisi saboda shi ba.

Maganar farashi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, farashin laftof a Kaduna bin dala yake yi, shi ya sa ba na ganin amfanin rubuta adadin naira da zai tsufa kafin mako ya zagayo. Lissafin dai mai sauƙi ne: idan dala tana naira 1,500, na'urar dala 600 ta kai naira 900,000 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar dillalin Ikeja da ta mai shagon nan gida. Abin da Amurka ke kira mai araha, a wurinmu babban saye ne. Ga kuma tsadar RAM da ta taso daga ƙarshen 2025, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Abin da nake sa rai shi ne kamfanoni za su riƙe farashin da ido ya saba gani, su rage daga ciki: 8GB a like, SSD 256GB, allo mai dishi-dishi na 1366x768. Don haka ramin RAM ya zama abu mai daraja. I3-1215U mai 16GB zai fi i5 mai 8GB a like daɗin aiki a kullum, kuma idan RAM sanda ɗaya ce, ƙara ta biyu na buɗe layi na biyu, sashen hoto ya samu sarari.

Dole a kawo na hannu cikin lissafi, domin su ne ainihin abokan gasar N100 a kasuwarmu. HP EliteBook 840 G5, Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 5490 galibi furosesan Intel zubi na 8 gare su, wato masu lambar da ta fara da 8, ko da yake akwai masu zubi na 7, suna da ramin RAM biyu, jikinsu ya fi na sabuwar roba ƙwari, kuma kayan gyaransu na samuwa. Ƙarfin i5-8250U bai yi nisa da na N100 ba, sai dai ya fi shi cin batir. Iyakar da ba a tsallakewa ita ce zubi na 8: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance a laftof daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 3000 take farawa. Ana iya cusa ta a zubi na 6 ko na 7 ta bayan gida, masu shago na yi, amma babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa.

Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu suna da hannu a wannan zance. Furosesa idan ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya lalace, don haka i5 da ƙura ta toshe wa fanka na iya komawa bayan i3 mai numfashi. A riƙa buɗe na'ura ana share fanka bayan kowane hunturu, na hannu kuma a canza mata man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi. A daina ɗora ta kan katifa, ta ƙasa take shaƙar iska.

A shago, kafin kuɗi su bar hannunka, ka kunna na'urar da kanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A ƙarƙashin CPU za ka ga cikakkiyar lambar furosesa da yawan ƙwayoyi. A ƙarƙashin Memory ka duba ramuka nawa ake amfani da su. Idan ka ga an rubuta Row of chips, RAM a like take. A ƙarƙashin Disk ka karanta sunan ma'ajiyar, ka tabbata ba eMMC ba ce. Sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da zai ajiye, ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batir da shi da wanda yake ɗauka yanzu. Idan ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, ka sa kuɗin sabon batir a cikin tayinka. Ka gwada ko ramin USB-C na karɓar caji, domin ba kowanne ke yi ba, kuma wanda ke yi zai ba ka damar caji da fawa bank mai wat 65 ranar da babu wuta. Idan ta hannu ce, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirri, ka kuma nemi a sake saita Windows a gabanka tana kan intanet, saboda wasu na'urorin ofis na nan ɗaure da rajistar kamfanin da ya yi amfani da su a Turai, sai an jona su da intanet kullen ke bayyana. Mai shago ya rubuta cikakkiyar lambar furosesa, yawan RAM, lambar jikin na'ura da kwanakin da ya yarda a dawo da ita a kan rasit.