Hoton 'Yan Ajin Ƙarshe a Niyok: Abin da Nake Faɗa wa Iyaye Kafin Su Biya

Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Bronx, cikin birnin Niyok. Ni da maiɗakina muke riƙe da shi, sai wani yaro da ke taya mu ɗaukar kaya ranakun Asabar da Lahadi. A Kano na koyi sana'ar, tun zamanin da ake loda fim a kyamara a kai wanki. Muna ɗaukar biki da suna da fasfo, amma abin da ke ciyar da shagon daga Agusta zuwa Nuwamba shi ne hoton yaran da suka shiga ajin ƙarshe na sakandare, wato aji 12 a lissafin nan.

Wanda bai zauna Amurka ba zai yi mamakin yadda aka ɗauki wannan hoto da girma. A gida sai yaro ya gama jarrabawar WAEC ko NECO sannan a kira mai hoto ranar walima, a jeru a ɗauka. Nan kuwa tun ba a shiga ajin sosai ba ake yi, wata tara ko goma kafin bikin yaye ɗalibai na watan Yuni. Dalili shi ne kundin da kowace makaranta ke bugawa duk shekara, mai ɗauke da hoton kowane ɗalibi da sunansa. Maɗaba'a na son hotunan da wuri, don haka makarantu da yawa tun a kaka suke rufe karɓa. Iyayenmu kan ga takardar a jakar yaro su ajiye, su ce ai da saura, sai wa'adi ya wuce a zo mini hankali a tashe.

Hoton iri biyu ne, kuma rashin bambance su na sa mutane asarar kuɗi. Na farko shi ne na kundin makaranta. Galibi makaranta na da kamfanin da ta yi yarjejeniya da shi. Babbansu a ƙasar nan shi ne Lifetouch, wanda kamfanin Shutterfly ya saya a 2018 kan dala miliyan 825, kuma sashensa mai kula da 'yan ajin ƙarshe Prestige Portraits ake kiransa. Wasu makarantun ba sa karɓar hoton kowa a kundinsu sai na kamfanin da suka ɗauka, wasu kuma suna karɓar na waje in ya cika ƙa'idar girma da launin bango. Saboda haka duk wanda ya kira ni, kafin mu yi zancen kuɗi sai na ce: Alhaji, fara zuwa makaranta ka tambaya tukuna. In nasu kaɗai suke karɓa, a je a yi nasu, kuma ba dole ne a sayi manyan hotuna a wurinsu ba. Ka tambayi kuma abin da kuɗin da makaranta ta karɓa a wurinka na 'yan ajin ƙarshe ya ƙunsa, kada ka biya abu ɗaya sau biyu.

A irin wannan hoton, a makarantu da yawa namiji baƙar kwat ake sa masa da 'yar ɗamarar wuya, mace kuma a yafa mata baƙin karammiski wanda ke barin wuya da kafaɗu a buɗe. Nan ne 'ya'yanmu mata ke shiga tsaka mai wuya. Yarinya ta je ita kaɗai, layi ya yi tsawo, an miƙo mata mayafin, kunya ta hana ta magana. Maganin abin mai sauƙi ne: ta sa baƙar riga mai dogon hannu da rufaffen wuya daga ciki, ta ɗaura hijabinta, a yafa karammiskin a sama. Yana fitowa da kyau ƙwarai. Amma sai an shirya tun daga gida, kuma ya fi kyau uwa ta raka ta, ko a sanar da malamar da ke kula da kundin tun kafin ranar.

Na biyun shi ne namu, hoton da iyali ke yi don kansu. Shi ake sawa a firem a falo, shi ake bugawa a katin gayyatar walima, shi ake aika wa kaka a Kumasi ko Damagaram ko Zariya. A nan zaɓi na hannun iyaye, kuma a nan nake da magana.

Kada ka zaɓi mai hoto don abin da ka gani a shafinsa na Instagram. Kowannenmu mafi kyawun aikinsa yake sawa a can. Ka ce ya buɗe maka aikin yaro guda daga farko har ƙarshe, kuma yaron ya zama baƙar fata irin naka. Gani ya kori ji. Ka dubi goshi da kumatu: shin fatar ta fito da launinta, ko ta yi toka-toka? Ana ganin idanu, ko sun nutse cikin duhu? In yaron farar shadda ya sa, ana ganin aikin da ke wuyan rigar, ko duk ta wanke ta zama fari fat?

Ba son raina ne ya sa nake nanata wannan ba, abin yana da tushe a cikin sana'ar kanta. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi a injin. Fatar da aka auna komai da ita ke nan shekara da shekaru, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun yi nisa da wancan zamani, amma har gobe ma'aunin hasken da ke cikinsu matsakaicin ruwan toka yake nema. In ya ga farin hijabi ya cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, fuskar yarinya ta tafi cikin duhu. In mai hoton ya buɗe haske don ya ceto fuskar, hijabin ya ƙone. Wanda ya san aiki ba ya barin kyamara ta yanke masa hukunci. Fuskar yake aunawa, ya kawo haske mai laushi daga gefe, ya sa yaron shago ya riƙe farin faifai yana maido haske ƙarƙashin haɓa, har fuska da tufafi su zauna lafiya a hoto guda. Baƙar fata tana da sheƙi, kuma wannan sheƙin ne ke fito da siffar fuska. Wanda bai saba da ita ba sai ya ɗauka maiƙo ne, ya bi ya goge a kwamfuta, fuskar ta koma shafaffiya ba rai.

Akwai roƙon da nake sha duk shekara, kuma daga bakin iyaye mata ya fi fitowa. Za a kawo yarinya kyakkyawa, baƙa mai tsantsi, sai uwar ta matso ta rage murya ta ce, "Malam, don Allah a ɗan haska min ita." Nakan ce, "Hajiya, haske kam zan sa mata har ki ce ya isa, amma launin da Allah ya ba ta ba zan taɓa ba." Abin da ke ƙona mini rai shi ne sau da yawa yarinyar tana tsaye tana ji. Ta taso a ƙasar da tun tana ƙarama take fama da zancen launin fata a makaranta da titi, ga shi yau daga gida ake cewa a canza ta. Ba na yi, ko da cinikin zai tashi. Ƙa'idata a gyaran hoto ita ce: abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, kamar ƙurjin fuska ko jan ido na rashin barci, ina cirewa. Wushirya, da tawadar Allah, da tabon sallah a goshin saurayi, waɗannan nasu ne, suna nan. Duk mai hoton da za ka ɗauka, ka tambaye shi iyakar gyaransa. In ka ga yaran da ke cikin aikinsa duk fatarsu iri ɗaya ce sumul, ba ramin gashi ko ɗaya, to haka zai yi wa naka.

Sai batun amana, wanda a wurina ya fi na kyamara nauyi. Yawancin yaran nan shekara 17 gare su. Ba na ɗaukar yaro ko yarinya ba tare da wani babba daga gidansu ba, kuma ba na sa hannu in gyara wa yarinya mayafi ko zama. Maiɗakina ce ke wannan, ni daga nesa nake kwatantawa. In wani mai hoto ya ce iyaye su tsaya a gida don yarinya ta fi sakin jiki, ku nemi wani. Haka kuma a cikin takardar da ake ba ku ku sa hannu, sau da yawa akwai layin da ke ba mai hoto izinin sa hoton a intanet don talla. Ku karanta. Kuna da ikon ku ce a soke shi, kuma mai mutunci ba zai ja da ku ba.

Kuɗi kuwa, akwai mai karɓar abin da bai kai dala 200 ba, akwai mai haura dala 1,000. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar iyawa ba ce. Abin lura shi ne a wurin da yawa daga cikinmu kuɗin ɗauka daban, kuɗin hotunan daban. Mutum ya ji farashi ya yi murna, sai an gama a ce masa wannan na zaman ɗauka ne kawai. Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta maka hotuna nawa za a gyara, nawa za a wanke, kaya kala nawa yaro zai canza, yaushe za a ba ka, kuma me zai faru in ruwan sama ya ɓata ranar. A Niyok akwai harajin ciniki na kashi 8.875 cikin ɗari, ka tambaya ko yana cikin farashin. Sannan a dokar Amurka haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne, ko da kai ka biya, sai in an rubuta akasin haka. Shi ya sa wani kan kai hoto wurin wanki a manyan kantuna a ƙi wanke masa, a ce ya kawo izinin mai hoto. Ka karɓi wannan takardar izini tun ranar da za a miƙa maka aikin.

Rigimar kaya kam kusan kowane gida sai an yi ta. Uba na son babbar riga da hula, ko leshi da ɗaurin ɗankwali. Yaro na son rigar ƙwallon kwando ta makarantarsu da takalmin da ya tara kuɗi ya saya. Ni ba na shiga tsakani, cewa nake a zo da duka. Nakan fara da abin da yaron ke so, don a nan yake sakin fuska, in ya ware sai a sa kayan gida. Abin da na lura shi ne yaron da ya shigo yana tura baki kan babbar riga, in ya ga kansa a bayan kyamara sai ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ƙara ɗaya." Su ma suna son abin, ba sa dai son a tilasta musu. Shawarata ga iyaye ita ce a bar yaro ya duba aikin mai hoton shi ma kafin a yanke, tunda fuskarsa ce za ta zauna a bango.

In a waje za a yi, lokacin da na fi so shi ne bayan La'asar, rana ta yi sanyi, kamar sa'a guda kafin Magariba. Hasken tsakar rana daga sama yake dukan mutum, ya sa inuwa a ramin ido, yaro ya yi ta ƙanƙance fuska. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganyaye kan juya ja da ruwan ɗorawa a Van Cortlandt Park da Pelham Bay Park, kuma wannan launi yana karɓar fatarmu sosai. Sai dai kowa wannan lokacin yake so, ranakun Asabar ɗin kan cika tun a Satumba. Kuma daga Lahadin farko ta Nuwamba, da an mayar da agogo baya, kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi. Wanda muka yi da shi ƙarfe 3 ya zo 4 da rabi, ba abin da zan iya yi masa sai dai mu koma cikin shago mu kunna fitilu.

Ga masu aika hoto gida, kada a tura shi ta WhatsApp yadda aka saba tura hotuna, domin manhajar na matse shi ta rage masa ƙarfi. A waya zai yi kyau, amma in an kai situdiyo a Kano aka ce a wanke babba sai ya fito dishi-dishi, a ce mai hoton Amurka bai iya ba. A tura shi a matsayin fayil, yadda ake tura takarda. Hoto mai inci 8 da 10 yana son ɗigo, wato pixel, 2,400 a faɗi da 3,000 a tsawo kafin ya fito tas, kuma ni nakan ba kowane iyali kwafi biyu, ƙarami na waya da babba na wanki, in rubuta sunan kowanne a jiki. Ku tambayi mai hotonku kuma tsawon lokacin da yake ajiye aikin mutane, don ba kowa ke ajiyewa har abada ba. Nawa a wuri biyu nake adanawa, ɗaya a shago ɗaya a gida, amma duk da haka ina roƙon kowa ya sauke nasa ya adana a ranar da na tura masa, ya kuma wanke ko guda ɗaya ne a takarda.